Mma Alima da Matan da Ba Sa Karin Kumallo

Da an sallame sallar asuba, hayaƙin farko da yake tashi a lungun bayan kasuwar Nima, a birnin Accra, na Mma Alima ne. Waken da ta jiƙa tun jiya za ta tsane, ta juye a tukunyar da sai mutum biyu suke iya sauke ta, ta jefa karan dafi don ya ba shi jan nan da muka saba gani, sannan ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno tana gyaran ayoyo, wato lalo, da zogale. 'Yarta Bilkisu tana gefe tana dama koko. Gari bai gama wayewa ba bencinan rumfar sun cika da masu sauke siminti, da masu tura amalanke, da magina riƙe da hular kwano a hammata, da 'yan dakon da ke jiran motocin albasa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan haka safiyarta take, in ka cire ranakun sallah da watannin da ta yi takaba.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye ludayi. Hayaƙin gawayi ya ci idonta, gwiwa ta ƙi tsuguno, likita ya ce ya isa haka, Bilkisu kuma ta ce ai ita ta daɗe da faɗa ba a ji ba. Babu wanda zai kafa rumfar biki ko ya ɗauko lasifika don wata mai wake ta daina dafa wake. Mu mutanen Nima mun iya ajiye yabo sai ranar sadakar bakwai, lokacin da mai shi ba ya ji. Gara a faɗa yanzu tana ji da kunnenta, ko da za ta ce an cika ta da surutu. Kuma labarin nata ba zai cika ba sai da na wata jaririya da aka riƙa goyowa ta gaban rumfar nan bara, nonon uwarta yana ƙafewa, ita kuma tana ƙanƙancewa a idon kowa.

Amma bari mu fara da ludayin. Baƙon da bai san ta ba, in ya zo ya ce a zuba masa, sai ya ga ludayi ya tsaya a sama. Mma Alima ba ta zuba wa mutum abinci sai ta ji aikin da zai yi.

"Yau me kai za ka ɗauka?"

In siminti ne daga tirela, wake zai fi shinkafa yawa a kwanonsa, ga ƙwai, ga ɗan kifi, ga garin rogo a gefe, ganye a sama. In rufin bene zai hau, sai ta rage hannu, ta ƙulle masa gyaɗa da ayaba a leda ta ce in rana ta karkata ya ci. Mai amalanken da zai yini a rana kuwa ba ya tashi daga benci sai ya shanye kofin zomkom, ruwan geron nan mai citta, wanda take ɗan barbaɗa wa gishiri saboda gumin da zai zubar. In ya ce ya ƙoshi, ta ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, ya sha ya ba ta kofinta.

A kan mai aka fi yi mata tsiya. Masu waken bakin titi suna antaya mai har ya kwanta a ƙasan kwano, ita nata cokali guda ne, shi ma kamar tana ba da rance. Wani saurayi ya taɓa ce mata, "Mma, man naka ya yi tsada ne?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai injin niƙa ne da zan cika ka da mai?" Shayi mai sukari da burodi kuwa wutar kara take kiransa: ta tashi bal-bal, kafin hantsi ta mutu, ta bar mutum da rawar gwiwa ga buhu a ka. Wake gawayi ne, a hankali yake ci har la'asar. Kwalaben nan na lemon ƙarin ƙarfi da samari suke korawa da ƙwaya a kan cikin da babu komai, in ta gani a hannunka sai ta karɓe ta tura ƙarƙashin tebur. In ka cinye abincinka ta miƙo maka kayanka, sai dai da wuya kunya ta bar mutum ya buɗe a gabanta.

Gafaru magini, wanda yanzu furfura ta fara yi masa sallama, ba ya gajiya da ba da labarin ranar da ya nuna mata taurin kai. Yana saurayi a lokacin, suna wani gini a Kanda. Ta ce masa kada ya ci abu mai nauyi da rana, ya tafi wani wuri ya danƙara sakwara mulmula biyu, ya hau katako a hawa na uku. Barci ya fizge shi da cokalin gini a hannu, Allah ya sa abokin aikinsa ya cafko rigarsa. Labari ya riga shi isowa rumfa. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai sayo kwano mai murfi, tun daga ranar abincinsa biyu take raba shi, rabi a nan, rabi ya tafi da shi ya ci da azahar a inuwa. Tuwo kuwa ta haramta masa da rana muddin sama zai hau.

"Cale, ɗan'uwa," in ji Gafaru, "matar nan ne ya riƙe ni a kan katako duk shekarun nan. Yarana sun sani, matana ya sani."

Ke ce, Mma, kika ɗauki cikin lebura da muhimmancin da mai mota yake ba tankinsa. Uwar masu gammo, mai ludayin da ba ya zuba sai ya tambaya. Mutum nawa ne suka koma gida da ƙafafunsu saboda abin da kika zuba, ko abin da kika hana, ba wanda ya ƙirga, ke ma ba ki ƙirga ba.

Sai dai akwai mutanen da suka gagare ta shekara da shekaru: kayaye, 'yan matan arewa masu dako da daro a ka. Su ne suka fi kowa ɗaukar nauyi a kasuwar, su ne kuma ba sa zama a bencinta da safe. Za su wuce a jere, su rusuna su gaishe ta, su yi gaba da baki a bushe. Sai rana ta yi sanyi su dawo idanu sun faɗa, su afka wa abin da ya rage a gindin tukunya. Da farko ta ɗauka tsimi ne, sai ta fara ba su kyauta. Suka karɓa hannu biyu, suka yi godiya, suka ƙulle a leda suka cusa ƙarƙashin gammo, abinci ya yini yana yawo a rana har ya yi tsami. Ta ce to, wataƙila girkin Nima ne bai yi musu ba, ta tashi takanas ta yi musu tubani irin na garinsu da yaji mai daddawa. Shi ma leda ya shiga. Abin ya ɓata mata rai ƙwarai, don ba ta saba a mayar mata da hannu ba, daga baya ta ce yaran yanzu ne ba sa jin magana, ta zuba musu ido.

Fuseina tana cikinsu. Daga wani ƙauye kusa da Walewale ta zo bayan girbi, doguwa, marar magana, da 'yarta Sala a baya. Mma Alima ba ta fara sanin uwar ba, kukan 'yar ta fara sani. Farkon zuwansu kuka ne mai ƙarfi, wanda in sun shigo lungun sai kowa ya waiga. Da makonni suka tura sai ya koma siriri, kamar na kyanwar da aka rufe a ɗaki. Mma ta haifa ta binne, ta san wannan kukan.

Wata Laraba, ranar da kasuwa take cika har ba masaka tsinke, Fuseina ta sauke daron doya a bakin rumfar, ta miƙe za ta juya, ƙafa ta ƙi, ta zauna daɓas a ƙasa. Mma ta kwance goyon da kanta. Yarinya 'yar wata biyar, amma hannu bai ji an ɗora masa komai ba. Maɗigarta ta faɗa, leɓe ya bushe, tsumman da aka ɗaura mata tun safe babu ko damshi. Nan take ta tsayar da tasi, ta tura su asibitin Mamobi tare da Bilkisu. Aka yi wa Sala ƙarin ruwa, aka riƙe su har ta farfaɗo. Ma'aikaciyar jinyar da ta sallame su ba ta ɓoye komai ba: nonon uwar ya ja baya sosai, sai ta ci, ta sha ruwa da yawa, ta riƙa ba da mama a kai a kai. In ba haka ba za su dawo, kuma ba ta yi alkawarin za a sake dacewa ba.

Washegari da safe Mma ta tare Fuseina a bakin lungu, ta zaunar da ita, ta dire mata koko mai kauri da niƙaƙƙiyar gyaɗa, da ƙosai, da kofin ruwa. Ta juya ta sallami mutum biyu. Waigowar da za ta yi sai ta ga Fuseina tana ɗure kokon a leda, ruwan kuma ko taɓa shi ba ta yi ba. Ran tsohuwa ya tashi.

"Kai, Fuseina! Kai mahaukaci ne? Jiya ba ka ji abin da aka ce ba? So kake ka kashe yaron nan a bayanka?"

A Nima kowa "kai" ne, mace da namiji, amma wannan "kai" ɗin ya fito da zafi har masu cin abinci suka ɗago. Fuseina ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan ledar. Ta jira har mazan suka watse. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce:

"Mma, in na ci, ciki ya motsa. In na sha ruwa, fitsari ya zo. Bayi yana can ƙasan gota, layi dogo paa, kowane shiga sai ka biya. Daro fa? In na ajiye, an ɗauke. Madam ya kira kaya, ba ni nan, wani ya ɗauka. Namiji ya juya bango ya yi abinsa. Ni fa, Mma? Ina zan yi?"

"Duka ku haka ne?"

"Duka. Ranar da na zo, manya sun gaya mini. Accra, kulle ciki sai yamma."

Mma Alima ta zauna a benci, ludayin yana hannunta. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ita da take tambayar kowa abin da zai ɗauka, shekara da shekaru tana kallon yaran nan suna wucewa, tana ce musu marasa jin magana, ashe su ƙishirwa suke haɗiyewa don kada ta kai su inda ba za su iya zuwa ba. Kuma ba wai ba ta san layin ba. Gidansu ma babu banɗaki, kamar yawancin gidajen unguwar, amma ita tana da Bilkisu mai tsare mata tukunya, tana da fo a ɗaki, ba ta taɓa tsayawa a layin nan da buhun wani a ka da goyo a baya ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ta riƙe Fuseina a rumfa tana tsince mata wake da wanke kwanuka, tana ci tana sha, in ta matsu ta tafi ta bar yarinya a tabarma. Sai dai Mma ta san wannan ba mai ɗorewa ba ne. Dako Fuseina ta zo yi, akwai bakunan da ke jiranta a gida, kuma abin da daro yake kawowa ranar kasuwa wanke-wanke ba zai kawo ba. Ba a jima ba kuwa ta ɗauki daronta ta koma, ta sake kulle ciki, ɗan nonon da ya fara tsattsafowa ya koma inda ya fito.

A can ƙuryar gidan su Mma, wanda rumfar take jikinsa, bayan turken awaki, akwai wani ɗan ɗaki da take ajiye gawayi da buhunan wake. Zamanin surukinta, tsohon ɗan sanda, bayin bokiti ne, da aka daina irinsu aka toshe shi. Mai iko da gidan yanzu Alhaji Inusah ne, wan marigayi mijinta, mahaucin da ya ajiye wuƙa, kuma ya riga ya ƙudura zai shafe ɗakin ya zuba ɗan haya, yadda rabin Nima suka yi da nasu. Ta same shi da maganar. Har yau Amariya yake ce mata, alhali jikokinta ma sun fara aure.

"Amariya, kai ne ka tsufa ko hankalinka? Mai abinci da bayi? Mutane za su ce me? Gidan babana ya zama hanyar kayaye, wannan ya shiga wannan ya fita?"

"Alhaji, mutanen ba su ce komai ba da yaron yana mutuwa."

"Ni na haife shi? Akwai gwamnati, akwai asibiti. Bar maganar nan kraa, gaba ɗaya."

Ta koma, ya ce a'a. Ta turo limamin layin, ya ce zai duba, wanda a bakin Alhaji Inusah ma'anarsa a'a. Ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya lissafa ɗakinsa ya ga haya, kuma maganar wari kusa da abinci ba ƙarya ya yi ba. Amma kowace safiya Mma tana ɗaga Sala, kowace safiya hannunta yana gaya mata lokaci yana ƙurewa.

Rannan da hantsi Alhaji Inusah yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa, sai ganinta ya yi tsaye a kansa da jaririya. Ba ta gaishe shi ba ma. Ta dire masa ita a cinya.

"Alhaji, kai mahauci ne, hannunka sikeli ne. Auna mini wannan."

Ya so ya yi faɗa, amma yarinya tana zamewa, dole ya tallafe ta. Hannun da yake ɗaga cinyar saniya ya faɗi nauyinta kafin a ɗora a ma'auni, ya ɗaga Sala, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya kashe rediyon.

"Wata nawa?"

"Biyar, yana neman shida."

"Inna lillahi."

Ya miƙa mata ita a hankali da hannu biyu, ya ɗauki butarsa ya yi masallaci. Da la'asar aka gan shi da kansa yana kwance awakinsa yana mayar da su gaban gida. Da ya zo wucewa ta rumfa, ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Gaya wa Gafaru ƙofar ya kalli bango, kar ya kalli tsakar gida. Kuma ranar da na ji wari, na rufe."

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar Lahadi Gafaru ya zo da yaran aikinsa, masu sauke siminti suka zo da siminti a kafaɗa, masu amalanke suka turo yashi da bulo, wani mai gyaran famfo da ya daɗe yana cin wakenta ya haɗa bututu da ɗan ramin zamanin nan da ba ya wari. Ba wanda ya yarda a yi masa maganar lada. Mma ta dafa musu tuwon zafi da miyar ayoyo, ta cika wa Gafaru kwano da tsakar rana, ta ce yau a ƙasa yake, ya ci har ya kwanta. Gawayinta da wakenta suka koma ɗakin kwananta, har yanzu a can suke, in ka shiga sai ka yi tafiyar kaguwa kafin ka kai gado.

Aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, aka rataye makulli a ƙusa kusa da tukunya. Duk macen da ta zo da daro ta ɗauka, ba a biyan ko kwabo, daronta kuma yana gaban Mma har ta fito. Su kayayen da kansu suka raba wanki a tsakaninsu. Amma sabo turken wawa, kwanakin farko makulli yana rataye ba mai taɓawa. Sai Mma ta koma tsayawa a bakin lungu da bokitin zomkom, duk wadda ta zo wucewa ta tare ta, ta sha a gabanta, ta kama hannunta ta nuna mata ƙofar. Wasu masu cin abinci da suka ji labari suka ɗauke ƙafa, suka ce su ba sa ci a gidan bayi. Ta ce Allah ya raka taki gona. Yawancinsu sun dawo da kansu da wutar kara ta gasa su. Alhaji Inusah kuwa shi ne mutum na farko da yake shiga kullum da safe, wai duba wari yake yi, dubawar da takan ɗauke shi lokaci mai tsawo.

Fuseina ta fara karyawa. Koko da gyaɗa da sassafe, wake da zogale da kifi da hantsi, gorar ruwa a cikin daro. Sala ta daina yawon rana, tana kwance a tabarma bayan tukwane, uwar tana sauke kaya ta rugo ta ba ta mama ta koma. Duk da haka jiki bai amsa da wuri ba. Aka je awo, allurar sikeli ba ta motsa ba. Aka sake komawa, ta ɗan gusa kamar mai jin nauyin tafiya. Yarinya ta kama mama ta tsotsa ta saki ta yi kukan nan siriri. Bilkisu ta ce a makonnin nan uwarta ta rame fiye da mai shayarwar, gishiri ma sai da ta manta a miya, abin da ba ta taɓa yi ba. Tsoro take ji, tsoron kada a ce an gina ɗaki an makara.

Sai wata Larabar, rana tsaka, bencina cike da maza, Sala ta farka ta fara kuka. Can sai ga Fuseina ta shigo lungun da gudu, babu daro, ta dafe ƙirji da gefen zane, ta wuce kowa ta laɓe bayan tukwane. Mma ta ɗauka wani abu ya soke ta. Ta bi ta tana salati, ta fizge hannun. Gaban rigar ya jiƙe sharkaf gefe biyu, yana ɗiga har kan zane.

"Mma, na ji kukansa daga wurin masu tumatir, sai ya zubo da kansa. Kunya, Mma. Kowa ya gani."

Mma Alima, wadda ko a bikin 'yarta ba a ji guɗarta ba, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa da ludayi a ɗaya hannun. Masu siminti suka sunkuyar da kai cikin kwanukansu, wani yana murmushi, wani yana goge ido da bayan hannu yana cewa yajin yau ya yi yawa. Aka ɗora Sala, ta kama, daga inda Bilkisu take tsaye tana jin ƙarar haɗiya. Ta sha har ta saki da kanta, barci ya ɗauke ta da nono a gefen baki.

Ke ce, Mma, da kika ga abincinki bai isa ba, ba ki tsaya kare girkinki ba, kika bi matsalar har inda mutane suke toshe hanci. Kika ba da ɗakin ajiyarki, kika yi ta maza da wan mijinki, kika yarda a ce miki mai abincin gidan bayi. Yau in mutum ya zo rumfar da safe zai tarar da benci guda na kayaye ne, darurruka a jingine, suna ci suna sha suna dariya da harshensu, su tashi su ɗauki abin da namiji zai yi nishi kafin ya ɗaga. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sanyaya idon nan da hayaƙinmu ya cinye, ya ba Bilkisu hannunki da kunnenki.

Saura mu. Mai sayar da abinci, in ka ga wani yana wuce tukunyarka kullum da yunwa a fuska, kada ka yanke masa hukunci, tambaye shi. Mai gida a Nima da Mamobi, ɗan ɗakin nan na ƙurya da kake shirin zuba wa ɗan haya, sake dubansa. Hajiya mai sayayya, yarinyar da ta ɗauko miki doya tun daga cikin kasuwa har bakin titi, miƙa mata ruwa, kuma ki jira ta in ta ce tana zuwa. Ba sai kowa ya yi gini ba, amma kowa yana da abin da zai iya buɗewa.

Da damina ta faɗi Fuseina ta koma gida shuka. A makon jiya ta aiko da saƙon murya a wayar Bilkisu, aka kunna wa Mma tana tsakiyar gyaran ganye. Gaisuwa ce doguwa, ta gaida Alhaji, ta gaida Gafaru, ta gaida makulli ma. Can ƙarshe, ana jiyo ihun yarinya a bayanta, ta ce Sala tana tafiya, ba ta barin kaji su sha ruwa, haƙora sun fito sama da ƙasa.

"Amma Mma, yaron nan yana cizo na paa. In yana sha sai ya ciza ya yi dariya. Na gaji."

Mma ta sa aka maimaita mata wurin. Ta ajiye tiren ganyen, ta goge fuska da bakin mayafi, ta ce wa Bilkisu ta danna ta mayar da amsa.

"Gaya wa Fuseina ya yi haƙuri. Mai rai ne ke cizo."